Layi na Goma Sha Ɗaya

A ɗakin binciken, kowa Kawu yake ce masa, har Farfesa, tun da 'yar yayarsa ta zo yin digirin dakta a wurin. Shekara ashirin ke nan yana haɗa sinadarai, yana kula da ɓerayen gwaji.

Aikin yarinyar a kan hanta mai kumburi ne. Akwai wani furotin da ke kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa, kamar yadda mai ke hana ƙarfe tsatsa, shi take nema. Abin da ke gano shi wani ruwa ne a 'yar kwalba, antibodi, wanda aka ce wannan furotin kaɗai yake kamawa. In ya kama, sai baƙin layi ya fito a fim, irin na hoton asibiti. Wata takwas layukanta suna fitowa raɗau, saura mako uku ta kare aikin a gaban malamai.

Shi kuwa Kawu yana da wata ɗabi'a da ɗalibai ke wa dariya: ba ya gwaji sai ya sa hantar ɓeran da aka halitta ba shi da furotin ɗin sam. Ita ba ta taɓa sawa ba, gurbi goma ne a farantin gwajinta, samfurinta ma goma. Ranar da ta roƙe shi ya maimaita mata gwajin ƙarshe, sai ya ɗauko babban faranti, ya ƙara nasa a gurbi na goma sha ɗaya.

Layi ya fito a nan ma. Baƙi wuluk, a inda babu abin kamawa. Ashe wani abu dabam ruwan yake kamawa tun farko.

Ya sake, ya kuma sakewa, duk kanwar ja ce. Ya kai wa Farfesa, wanda ya ɗaga fim ɗin a taga, ya ce datti ne kawai, almakashi ma zai gyara, ai ba a fasa tafiya don ƙura. Kwana uku fim ɗin yana aljihun Kawu. Yayarsa ta kira sau biyu tana tambayar wace rana za su zo taya murna. Ya rasa wanne ne cin amana, faɗa ko shiru.

Rana ta huɗu ya ajiye mata fim ɗin a tebur. Ta daɗe tana kallo.

"Kawu, wa ya aike ka?"

"Ba kowa."

"Da ka bari na gama, sai ka faɗa min."

"Da kin gama, ai ba ke kaɗai za ki ji ba."

Ta ce shi zai yi wa mahaifiyarta bayani, ita ba ta da bakin. Ya ce to. Ta cire safar hannu ta wurga a kwando, ta fita.

Mako guda ba ta gaishe shi ba. Aka ɗage ranar zuwa baɗi. Wata safiya ya tarar da babban farantinsa a teburinta, ta bar gurbin farko ba komai, tana jiransa ya buɗe firji ya ɗauko hantar ɓeran nan.