Kalan Auduga

Tarakta ta riga ta kife kunyoyi biyu a gonar audugar sa'ad da Goggo ta tsallaka shinge, buhu ɗaure a ƙugu, ta tsaya cak a gabanta.

Direban ya taka birki. "Goggo, don Allah matsa! So kike ki ja mini ɗauri?"

"Kashe wannan abin, Dogo, ya ishe ni da ihu."

Bai kashe ba. Manajan kamfanin da ya sayi gonakin bara ya taho da sauri yana kakkaɓe wando. Ya ce an gama tsinka, karan da ya rage tsutsa kawai yake tarawa, yau za a kife shi.

"An gama tsinkarku," in ji Goggo. "Tamu ba a fara ba."

Tun tana yarinya ta san ƙa'idar: in mai gona ya kwashe audugarsa, abin da ya maƙale a kara na tsofaffi ne da matan da mazansu suka rasu. Shi ne kala. Da shi take kaɗa zare, da zaren take cin abinci. Ta riga ta je ofishin kamfanin ta faɗa, suka ba ta benci, ta zauna har aka rufe ƙofa.

"Iya, wannan ba ya cikin yarjejeniya," in ji Manaja.

"Ni ba iyarka ba ce. Kana tsammanin injin gurzarku ne ya kafa garin nan? Fili ne fetal, ko inuwar zama babu. Manoma su zo daga nesa su shuka, su tsinke, su koma. Kakata da 'yan uwanta suka biyo kala, suka yi bukkoki da karan nan da kake zagi, suka ƙi tafiya. Rijiya ta biyo su, kasuwa ta biyo rijiya. Ku ne autan baƙi, ko ruwa ba ku gama sha ba har kun fara korar masu gida!"

Manaja ya dubi direba. "Ci gaba da aikinka. Za ta kauce."

Goggo ta ba su baya. Ta sunƙuya, gwiwarta ta yi ƙara, ta zare farin da ya maƙale a ɓawo ta cusa a buhu. Ta matsa gaba kaɗan, ta sake sunƙuyawa.

Dogo ya daɗe yana kallon bayanta. Uwarsa ma da kala ta raine shi. Ya sa giya, tarakta ta motsa, amma da tafiyar Goggo: in ta tsaya ya tsaya, in ta matsa ya matsa.

"Wane irin aiki ne wannan?" Manaja ya daka masa tsawa.

"Cewa ka yi in ci gaba, yallaɓai. Ba ka ce in taka mutum ba."

Matan da ke leƙe ta bayan shinge suka fara tsallakowa, kowace ta kama kunyarta.

Goggo ko waiwaye ba ta yi ba. "Dogo, hayaƙinka yana ɓata mini auduga. Ja baya."

Ya ja.