Kazar da Ta Kama Wuri a Siton Lucia

A dogon hutun shekarar 2004 ne Malama Lucia ta ƙudura sai ta gyara sitonta. Malamar firamare ce a Samaru, ita da mijinta Kefas, wanda ake kira Baban Hephzibah, suna haya a wani gida mai 'yan haya uku a bayan kasuwa. Siton ɗan lungu ne a jikin kicin, in mutum ya ware hannuwansa zai taɓa bango da bango, amma abin da ke ciki ya isa a buɗe shago: buhun masara, acca da cittar da mahaifiyarta ke aiko mata daga Kwoi, jarkar manja, kuka, daddawa, tukwanen biki da ba su taɓa ganin wuta ba, da gwangwanayen madara barkatai waɗanda ba wanda ya san abin da ke cikinsu. Ƙofar ba ta rufuwa sosai. Ba kuma mai shiga can ƙurya, daga bakin ƙofa ake zura hannu a lalubo abin da Allah ya ba mutum. Ranar da ta zura hannu neman gishiri ta jawo takalmin Kefas ƙafa ɗaya, ranar ta ce ya isa haka.

Ta hau bas zuwa Sabon Gari, ta sayo robobi masu murfi, ta biya wurin Martins kafinta ta kwatanta masa kanta mai hawa huɗu. Ranar Asabar da hantsi ya iso da katako da guduma. Suka yi ta jidar kaya suna jibgewa a falo, har suka kai ga buhun ƙarshe. Da Martins ya janye shi sai ga wani tsohon daro, a cikinsa wata jar kaza ta baje fukafukai tana hararar su, kamar su ne suka shigo mata ɗaki ba sallama.

Lucia ta gane ta nan take. Kazar maƙwabciyarsu ce, Maman Ronke, Bayarabiya haifaffiyar Sabon Gari wadda Hausa ta zauna a bakinta daram. Kwana goma ke nan tana neman kazar nan. Ta zagaye unguwa, ta daina gaisawa da mai tsiren bakin layi duk da naman shanu kaɗai yake gasawa, har wurin zumuntar mata ta kai maganar a yi addu'a Allah ya tona asirin ɓarawo. Lucia ma tana wurin, ta ce amin da ƙarfi.

Da aka kira ta, Maman Ronke ba ta zargi kowa ba. Ta taka rawa a ƙofar kicin, ta durƙusa ta ɗaga fiffiken kazar, ta ga ƙwai tara. Sannan ta miƙe ta gyara ɗaurin zane.

"Malama, kwanci take yi. Ba mai taɓa ta. In kika ɗaga ta za ta yi fushi ta watsar da ƙwan."

Lucia ta ce ai daidai wurin da daron yake, nan ƙafar kantar za ta zauna. Martins ya sa baki, ya ce shi ma kakarsa ta gaya masa ƙarar guduma tana kashe ƙwai kamar yadda tsawa ke yi. Ya naɗe kan gudumar da tsumma ya gwada bugu ɗaya a hankali, kazar ta ƙwala ƙara, sai ya tattara kayan aikinsa ya ce a neme shi in an ƙyanƙyashe. Katakon ma a falo ya bar shi.

Kefas ma'aikaci ne a wata gonar gwaji, aikinsa gyaɗa da auduga, amma a ganinsa duk abin da ke numfashi a gona ya san shi. Ya dawo ya duba kazar ta hagu da dama, ya bayyana cewa kwana ashirin da ɗaya kaza ke yi, an ci goma, saura sha ɗaya, kamar gobe ne.

Haka suka koma zama a cikin kayan abinci. Mai son kunna talabijin sai ya haura buhun masara. Citta ta sa kowa atishawa. Matar fasto ta zo gaisuwa, ta rasa wurin zama ta ɗare kan buhun acca, ta tambaya a hankali ko tashi za su yi daga gidan ba su faɗa wa coci ba. Ita kuwa Maman Ronke sau uku take shigowa a yini da dusa da ruwa, ba ta ma tambayar lafiyar masu gida, sai dai ta ce yaya mai kwanci ta kwana.

Ana nan wata rana kazar ta fita shan iska, Lucia ta leƙa daron. Ƙwai goma sha huɗu ta gani. Biyar daga ciki ƙanana ne masu tsinin kai. Ta jira Kefas ya gama cin tuwon rana, ta tambaye shi ko kaza tana ƙara ƙwai tana cikin kwanci. Ya sosa ƙeya, ya ce ƙwan zabi ne, ya saya a tasha a hanyarsa ta dawowa daga Sabon Gari, domin kaza ta fi zabuwa iya kwanci, kuma asara ce a bar zafin jikinta yana tafiya a banza. Abu ɗaya ne kawai, su kwana ashirin da takwas suke so.

"Baban Hephzibah, daga yaushe za a fara ƙirgawa?"

"Daga ranar Talatar da na sa."

Lucia ta dubi kalandar coci da ke bango, ta ga hutu zai ƙare ya bar ta da masara a falo. A ranar dai miyar dare ba ta ga nama ba.

Kazar ce ta raba gardama. Da kwanakinta suka cika ta ƙyanƙyashe takwas, ta fito tsakar gida da 'yan tsakinta a baya, ko waiwayen sauran ba ta yi ba. Kefas ya ce shi zai ƙarasa aikin. Ya samo kwali da tsummoki da fitilar ƙwai, ya shirya su a cikin siton, wai ƙwan sun saba da iskar wurin. Lucia ta ba shi kwana uku.

A rana ta biyu wari ya hana kowa shiga kicin. Maman Ronke ta toshe hanci da bakin zane, ta ɗauko ƙwai ɗaya, ta girgiza shi a kunne, ta ƙwanƙwasa a bango. Ba abin da ya zubo. Sai ta fara ɓare shi da farce, ɓawon yana fita salin alin.

"Baban Hephzibah, wannan ai dafaffe ne."

Kefas ya ce mai tallan ba ta faɗa masa ba. Maman Ronke ta tambaye shi ko ta haɗa masa da yaji da gishiri a ƙullin takarda. Ya ce ta haɗa, shi ya ɗauka gyara ce. Lucia ta yi niyyar yin faɗa, amma dariya ta ci ƙarfinta har sai da ta zauna a kan jarkar manja.

Kefas da kansa ya wanke siton da omo sau biyu, aka bar ƙofar a buɗe ya sha iska. Martins ya dawo ya yi ta dukan ƙusa da iya ƙarfinsa. Lucia ta sa buhuna a ƙasa, acca da shinkafa da wake a robobi a hawa na biyu, kayan miya daidai tsayin ido, tukwanen biki can sama. Ta buɗe gwangwanayen ɗaya bayan ɗaya: maɓallai, ƙusoshi, wata daddawa da ta zama dutse. Kowace roba ta manna mata takarda da suna, da irin rubutun da take yi wa 'yan aji biyu a allo.

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci ta kira Maman Ronke ta zo ta gani. Matar ta yaba ƙwarai, ta ce ba ta taɓa sanin siton yana da faɗi haka ba. Sai ta nuna wani gurbi a hawan ƙasa, ta ce ga shi kamar an auna da buhun garin rogonta, wanda ɓeraye suka dame shi a ɗakinta.

Lucia ta ce za ta yi shawara da maigida. Ta ja ƙofar, ta datse sabon kwaɗo, ta ɗaure makullin a bakin zanenta.