Kantar Inna

"Ɗan sauke fitilar," in ji Baba Mai Dutse. "A'a, ba daga sama ba. Kwantar da ita a gefe, hasken ya bi fuskar dutsen."

Na kwantar da wayata a bakin kantar, wato teburin dutsen da ke kicin ɗin Likita. Hasken ya miƙe a kan farin mabul, sai ga tabon ya fito sarai, faɗinsa ya kai tafin hannu biyu, dusu-dusu a tsakiyar dutsen da ko'ina yake sheƙi.

Baba ya rufe ido, ya bi wurin da yatsunsa a hankali.

"Lemon tsami?"

"Eh, Baba."

"Da kika ga abin ya ƙi, kika bi shi da soson ƙarfe."

Na sunkuyar da kai.

"Maman 'Yan Biyu, wannan ai ba datti ba ne, ƙuna ce. Mabul da tsami ba sa ga maciji. Kin gan shi dutse, amma ya fi fatar jariri saurin jin ciwo."

Watana huɗu ke nan ina aiki a gidan Likita, shara da goge-goge da wanke-wanke. Na daɗe ina neman aikin kafin in samu, kuma tun da aka rage wa maigidana tafiye-tafiye a kamfanin da yake tuƙa musu mota, aikin nan ne ya riƙe mana gida. Jiyan ranar shayi ya zube a kantar ya bushe, ni kuma na matse masa lemon tsami kamar yadda nake yi wa tukwanena, na bar shi ya jiƙa. Likita tana asibiti, sai ƙarfe huɗu za ta dawo.

Baba maƙwabcinmu ne, katanga ɗaya ta raba mu. Shekara arba'in ya yi yana yanka dutse yana ɗora wa mutane kanta a kicin, har ƙurar dutsen ta cika masa huhu ya ajiye aiki. Ta katanga muke jin tarinsa. Da na shiga gidansu da safiyar ranar ina hawaye, matarsa Inna ta ce ba inda za shi, mutumin da zuwa bakin ƙofa ma sai ya huta sau biyu. Shi kuwa ya ce a miƙo masa jakarsa.

"Amma da sharaɗi," ya ce mini a cikin mota. "Ko mun gyara ya koma kamar sabo, za ki faɗa wa matar gidan da bakinki."

"Baba, korata za ta yi."

"To ta kore ki kina mai gaskiya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

A kicin ɗin ya gwada gogewa da kansa. Bai yi minti biyu ba numfashi ya ƙwace masa, ya dafa kantar yana tari har idanunsa suka kawo ruwa. Na jawo masa kujera.

"To," ya ce da ya samu kansa, "ni ne ido, ke ce hannu."

Ya ciro sanfefa, takardar goge dutse, mai laushin gaske, ya ce in jiƙa ta, in riƙa zagayawa kamar ina shafa wa yaro mai a baya. Bayan ta ya ba ni wata da ta fi ta laushi. Daga nan sai wata farar hoda a tsohon gwangwanin madara, na dama ta da ruwa kaɗan, na hau murzawa da tsumma. Kafaɗata ta yi tsami, gumi na ɗiga ta haɓata.

"Kada ki danne. Ba faɗa kuke yi ba. Lallashinsa za ki yi."

"Baba, ban ga ya canza ba."

"Ke ce ba ki gani ba. Ci gaba."

Wajen ƙarfe uku na goge wurin da ruwa, na tsane shi, na sake kwantar da fitilar. Na nemi tabon na rasa. Sai fuskata na gani a cikin dutsen, ɗankwali ya karkace. Na fashe da dariya, ina yi ina share ido.

Da Likita ta dawo ta tarar da baƙon tsoho zaune a kicin ɗinta. Na faɗa mata komai, ban rage ko soson ƙarfen ba. Ta ajiye jakarta, ta shafa kantar daga wannan ƙarshe zuwa wancan.

"A ina ne?"

Na nuna mata. Ta duba, ta sake dubawa.

"Da kin yi shiru ai ba zan taɓa sani ba."

"Baba ne ya ce in faɗa."

"Ni baki kawai na sa," in ji shi. "Aikin hannunta ne, ranki ya daɗe. Ki riƙe ta, tana da hannu."

Tari ya sake sarƙe shi. Likita ta daina kallon dutsen, ta koma kallonsa. Ta ɗauko abin awonta ta saurari ƙirjinsa da bayansa, ta daɗe tana saurare. Da ta ɗago za ta yi magana, ya riga ta.

"Na sani, 'yata. 'Yan'uwanki likitoci sun faɗa mini tun bara."

Ba ta kore ni ba. Ita da kanta ta mayar da mu gida a motarta, bayan kwana biyu kuma ta aiko masa da tukunyar iskar numfashi da abin shaƙa, ta nuna wa Inna yadda ake kunnawa.

Daga ranar, kullum na taso aiki da la'asar sai na biya gidansu. A bayan ɗakinsa akwai tarin gutsattsarin da suka rage masa daga ayyukan shekaru, a jingine da bango. Yakan zauna a kujerarsa, robar iska a hancinsa, ya ce in jawo wancan, in jawo wannan.

Baƙin dutse mai ɗigo-ɗigo, ya ce, namiji ne, yana da juriya, sabulun wanke-wanke da ruwan ɗumi sun ishe shi. Amma ya sa na ɗiga masa ruwa muka zuba ido. "In ruwan ya tsaya ƙwal kamar ƙwallo, lafiya. In ya shige ya bar duhu, dutsen na jin ƙishi, a shafa masa man toshewa, in ba haka ba gobe mai zai sha." Katako kuwa ba ya son ruwa ya kwana a kansa, kuma ba a shafa masa man girki, wari zai yi, akwai nasa mai, fari, mara ƙanshi. Fomaika, ledar nan mai sheƙi da ake manna wa katako, ya kira ta 'yar kwalliya: ka ɗora mata tukunya mai zafi, ta tashi da ƙuruji, ba mai iya gyarawa. Silba ana bin layinta ne da tsumma, ba a gitta mata.

"Tayil fa, Baba?"

"Tayil ba shi da laifi. Tsakaninsa ne munafuki, nan datti ke ɓuya. Tsohon buroshin haƙori da hodar bekin soda, shi ke nan."

Wata rana Inna tana tsintar wake a gefe tana jinmu, sai ta yi tsaki.

"Ki tambaye shi, Maman 'Yan Biyu, malamin naki. Shekara arba'in yana yi wa matan mutane kanta, ni a kan me nake aiki? Tebur mai ƙafa uku, ta huɗun bulo ne. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romo. Ni mai dutsen gaba ɗaya na aura, har yau ko ƙanshin romon ban ji ba."

Na yi dariya. Baba bai yi ba. Ya daɗe yana kallon gutsattsarin nan.

"Yaushe maigidanki zai dawo?" ya tambaye ni.

"Jibi."

"Ki ce ina nemansa. Ya zo da ƙarfinsa."

Inna ta ce wasa take yi, ya rufa mata asiri ya kwanta ya huta. Ya ce hutu na nan zuwa mai yawa, ba sai an aika masa ba. Ta tashi ta shige ɗaki, ba ta sake fitowa ba har na tafi.

Kwana tara aikin kantar Inna ya ɗauke mu. Babu guntun da ya kai tsawon bangon kicin ɗin, don haka Baba ya ce a haɗa uku: baƙin dutse kusa da murhu inda za a riƙa sauke tukunya, farin mabul a tsakiya, katako mai kauri a ƙarshe wajen taga. Maigidana ya gina ƙafafun da bulo, ya ɗauko dutsen shi da wani abokin aikinsa. Wurin da ke buƙatar yanka, Baba ya hana a yi a gidan. Ya aika da shi wajen wani tsohon yaronsa da yanzu yake da nasa shagon, ya kuma ce a gaya masa ya yanka da ruwa, ya rufe hancinsa, in bai ji ba ya zo ya kalli maigidansa.

An kawo kujerarsa bakin ƙofar kicin. Muryarsa ta ragu sosai, sai dai ya nuna da sanda. Maigidana ya ɗora mabul ɗin ya ce ya zauna daidai. Baba ya ce a zuba ruwa cokali ɗaya. Ruwan ya gangara hagu.

"Direba," ya ce, "motarka ta karkace."

Sau uku aka ɗaga aka sake. Ni aka bar wa cike tsakani da gogewa da shafa mai. Katakon ya sha mai sau huɗu kafin ya ƙoshi, launinsa ya koma kamar zuma.

Ranar da aka gama, ya ce a kama shi ya miƙe. Ni da maigidana muka riƙe shi, ya bi kantar da tafin hannu tun daga murhu har taga. A mahaɗar mabul da katako ya tsaya, ya koma baya, ya sake bi.

"Wa ya cike nan?"

"Ni ce, Baba."

"Ban ji gaɓar ba," ya ce. Ya juya wajen Inna da ke tsaye ta harɗe hannu. "To, uwargida. Na makara, amma ga shi."

"Ka makara ƙwarai," in ji ta. Ta kama bakin zanenta ta kai ido. "Wa ya ce maka ina son kala uku kamar rigar mahaukaci?"

Ya yi dariya har tari ya zo, ita ma tana dariya tana bubbuga masa baya.

Bayan kwana biyar ya rasu, da hantsi. Ina shirin fita aiki Inna ta ƙwala mini kira ta katanga, murya ba irin tata ba. Na same shi a kujerarsa a bakin kicin, inda ya ce a riƙa ajiye shi yana kallonta tana haɗa shayi. Ta ce ta juya ta ɗauko kofi ne kawai, tana yi masa mitar ya ƙi cin komai, da ta waiwayo ya jingina kai da ƙyauren ƙofa kamar mai gyangyaɗi. Tukunyar iskar na ta hucinta. Ni na kashe ta. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Makonnin da suka biyo baya gidan bai rabu da mutane ba. Wasu ban taɓa ganinsu ba, sai su ce shi ya yi musu kicin shekara ashirin da suka wuce, har yau ko tsagewa babu. Likita ma ta zo. A bakin ƙofa ta ce mini wata abokiyar aikinta man girki ya ɓata mata dutse, ko zan je in duba? Na ce ina tsoro. Ta ce ta riga ta ba da lambata. Na je, na gyara. Daga can aka tura ni wani gidan, daga nan wani. Yanzu ranakun da ba na gidan Likita ba na zama.

Abu ɗaya ne ya dame ni. Inna ta shimfiɗa wa kantar wani farin mayafi, ta mayar da tsohon teburinta tsakiyar kicin, a kansa take komai. Na yi mata magana sau biyu, ta ce tsoro take kada ta ɓata.

Wata safiya na shiga da ƙullu a roba da 'yar fulawa a leda, na ce murhuna ya ƙi kamawa, 'yan biyu kuma sun tasa ni gaba sai na yi musu burodi. Ƙarya nake, ita ma ta san ƙarya nake.

"Teburin nan rawa yake, Inna, ba zai murzu ba. Mabul kuwa sanyi gare shi, ƙullu ba ya kama shi."

Ta harare ni. "Shi ya koya miki wannan ma?"

"Shi."

"In ya ɓaci fa?"

"In ya ɓaci ga ni. Katanga ɗaya ce."

Ta kama bakin mayafin ta janye, ta ninke shi huɗu, ta ɗora a kafaɗa. Ta wanke hannu, ta ɗebi fulawa ta barbaɗa a kan farin dutsen. Kafin in juye ƙullun ta dafa wurin da tafinta, ta ɗan jima a haka. Da ta ɗaga, sawun yatsunta biyar ya fito a cikin garin. Ta tura hannun rigarta sama.

"Miƙo," ta ce.