Bayan an gama jero sunaye

A shagon askin layinmu Farfesa ake kirana, don in ana hirar fim ba na barin kowa ya kai aya. Ranar Asabar ina kan kujera, an aske mini rabin kai, aka ɗauko zancen sabon fim ɗin jarumin nan mai tashi sama.

Na ce, "Ya mutu, kuma ya mutu ke nan. Daraktan ne ba ku sani ba. A finafinansa uku na baya, wane jarumi ya bari da rai?"

Tela maƙwabcinmu ya ce bai mutu ba. Na yi masa tatas, har na ce ya koma kan kekensa, fim ba ɗinki ba ne.

Mai aski ya kashe injin. "Farfesa, da aka fara jero sunaye a ƙarshe, ka zauna?"

"Zaman me? Fita na yi."

"Ai bayan sunayen ne ya buɗe ido."

Na so in tashi, amma saura rabin kai. Haka na zauna minti goma ina fuskantar madubi, Tela kuma yana bayana, ina ganinsa a ciki.