Ruwan Sanyin Da Muka Ba Jami'i

Ranar da majalisa ta gyara dokar sayen wutar sola, har rawa na taka ni kaɗai a ɗaki. Dokar ta ce kamfani ba zai samu kwangila ba sai ya fara da unguwannin da ba su da lantarki. A wannan fanni kuwa babu mai ja da mu. Shekara tara turakun wutarmu na tsaye, igiyar shanya kawai ake ɗaura musu.

Ni damuwata ɗaya ce, allurar ciwon sukarin Inna. Sai a firji take zama, firjin kuma yana kantin magani a ƙetaren gada. Safe da yamma ina hanya da ɗan fulas ɗina.

Aka ce jami'i zai zo ya gani da idonsa. Kawu, shugaban ƙungiyar unguwa, ya tara mu.

"Baƙon gwamnati ya zo ya zauna cikin gumi? Sai a ce mu matsiyata ne!"

Na ce, "Kawu, ai tsiyar za a zo dubawa."

"Ke yarinya ce, ba ki san mutunci ba."

Aka ari janareta wajen mai walda, aka kai shi can bayan makaranta don kada ƙararsa ta dami baƙo, aka jawo waya. Tela ya kawo fanka, mai aski ya kawo talabijin. Ni ma, don kada a ce ban yi komai ba, na ƙetara gada na sayo ƙanƙara.

Jami'in ya zauna, fanka na kaɗa masa takardu. Ya sha ruwa kofi biyu, ya lumshe ido.

"Kai, ruwan nan har haƙori! Kullum haka kuke samun wuta?"

Kafin in buɗe baki Kawu ya riga ni.

"Ranka ya daɗe, mu dai sai godiya."

Jami'in ya rubuta, ya buga hatimi.

Da sunaye suka fito, babu namu. Rukunin gidajen manya ne a sahun farko. Ranar da jami'in ya je can an ɗauke musu wuta, kuma ko ƙofa babu wanda ya buɗe masa.

Kawu har yau yana ba da labarin yadda baƙon ya yaba mana. Ni kuwa ko kallon ƙanƙara na yi sai raina ya ɓaci.

Dokar ta ce sai bayan shekara biyar za a sake dubawa. Jiya Inna ta tambaye ni shekara nawa aka ce. Na dube ta, na ce biyu. Sannan na ɗauki fulas na nufi gada.