Farantin Sola Zuwa 'Yankuzo

"Tsafe zan tsaya, Malam, ba zan ƙara ko taku ba," in ji Lawwali direba, yana ɗaure farantin sola a saman mota a tashar Gusau.

Mannir bai yi musu ba. Malamin kimiyya ne a wata sakandare a Bungudu. Farantin da batirinsa da ɗan firjin da ke bayan mota na Inna ne, mahaifiyarsa, mai ciwon suga a 'Yankuzo, wadda zafi ke lalata mata allura.

A hanya Lawwali ya tambaye shi karatun da aka ce yana ƙarawa.

"Bincike nake kan yadda za a kai irin wannan faranti sararin samaniya, inda rana ba ta faɗuwa. A haɗa su tuli, su riƙa turo lantarki ƙasa."

"To wa zai kai su?"

"Rokoki. Sai sun yi ta sawu kamar motocin yashi, su kai su dawo. Matsalar duk ta sufuri ce."

"Allah Ya nuna mana," in ji Lawwali, idonsa na kan dajin gefen titi.

A Tsafe 'yan acaba suka ƙi ɗaukar sa zuwa 'Yankuzo. Wani dattijo a cikinsu ya ce tun safe 'yan bindiga suka tare hanya, babu wanda ya shiga ya fito.

Yana tsaye wayarsa ta yi ƙara. Luba ce, ƙanwarsa, tana haki.

"Yaya, kada ka zo. Mun bar gida, ta gonaki muke bi."

"Inna fa?"

"Ƙafarta ta kumbura. Muna goyon ta bi da bi. Cajina ya kusa..."

Layin ya yanke. Ya kira, ya sake kira, a kashe.

Ya jingina farantin da katangar tasha ya zauna a ƙasa. Mutanen ƙauyuka sai shigowa suke da tabarmi a ka. Wata mata ta durƙusa gabansa da matacciyar waya.

"Malam, wannan abin yana caji? Mijina yana baya, ina so in kira shi."

Mannir ya juya farantin ya fuskanci rana, ya haɗa batir. Kafin la'asar layi ya kai bakin titi. Duk wanda ya miƙo waya sai ya tambaye shi ko ya ga wata tsohuwa a goye. Kowa ya ce ya ga da yawa.