Amanar Pip

"Shigo da ita mana, ka tsaya a ƙofa kamar baƙo!" in ji Wilf Dodd daga kan gado.

Angus Milburn ya shigo riƙe da igiyar Pip, karyar Wilf. An sauko wa Wilf da gadonsa falo, jikin taga, tunda likitoci sun ce a kai shi gida kawai. Tsohon ya rame har kunnuwansa sun yi masa yawa, amma bakin nan yana nan daram.

Shekara talatin katanga ɗaya ce tsakaninsu, kuma shekara talatin gardamarsu ɗaya. Dukansu da karnukan tayar da tsuntsu suke fita ranakun harbi. Angus springer yake kiwo, manyan nan da za ka daka wa tsawa su kaɗa kunne su ci gaba da aiki. Wilf kuwa ba shi da magana sai ta cocker, ƙananan nan masu rawar kai.

"Wannan ai ba kare ba ne, ɓera ne ya sha shayi," Angus yakan ce.

"Naka kurtu ne, umarni yake ci," Wilf yakan mayar masa. "Tawa sai an lallashe ta, kai kuma ko matarka ba ka iya lallashi ba."

Sati shidan da Wilf ya yi a asibiti, Pip a hannun Angus take. A sati na uku, ranar harbi, ya busa mata usur don ta tsaya, ta yi kunnen uwar shegu ta bi zomo, a gaban manyan baƙi. Aka kwashe da dariya. Angus ya cafki fatar wuyanta, ya ɗaga ta sama ya girgiza, ya ja ta a ƙasa har inda ta ƙi jin usur ɗin. Haka yake yi wa nasa, kafin minti biyar sun manta. Pip ba ta manta ba. Tun ranar ba ta sake yin laifi ba, ba ta kuma sake yin komai ba sai an ce ta yi. Abin kunyar ma, kwana biyu Angus har da alfahari da wannan ladabin nata. Yanzu ba abin da yake roƙo sai kada tsohon ya gane.

"Pip! Zo nan, 'yar banza."

Karyar ta ja ciki zuwa gindin gado ta kwanta, idonta a kan hannun Angus.

"Fitar da ita lambu ka jefa mata abu ta ɗauko in gani," in ji Wilf. "Na yi kewar haukarta."

Moira, 'yar Wilf, ta ƙara masa matashi ya jingina. Angus ya fita, ya wurga ƙunshin tamfol ɗin horo cikin ciyawa, ya ce, "Ɗauko." Da can kafin ka rufe baki ta ɓace, sai jela kake hange. Yau a hankali ta tafi, taku uku ta waiwayo, taku uku ta waiwayo. Ta kawo, ta ajiye nesa da takalminsa, ta manne da ƙasa.

Da ya koma ciki, Wilf ya ce, "Me ya same ta?"

"Sanyi ne, tsoho. Ga kuma kewarka."

"Sanyi," Wilf ya maimaita. Ya daɗe yana kallon hannayen Angus. Sannan ya ce, "Moira, zuba masa shayi. Ya yi ɗawainiya da ita."

Da zaginsa ya yi, da Angus ya ji sauƙi. Ya shanye shayin nan da ƙyar, ya ce a ransa gobe zai faɗi gaskiya. Gobe ta yi, ya zo da ƙwai rabin dozin, ya tarar Wilf yana barci, kuma har ga Allah sai da ya ji daɗin hakan. Jibi ya fake da gyaran shinge. Ranar Juma'a da safe ya ga an ja labulen falon, Wilf ya cika.

Bayan an dawo daga maƙabarta, Moira ta ƙwanƙwasa masa ƙofa, kwandon kwanan karyar a hannu ɗaya, igiya a ɗaya, Pip tana biye da ita.

"Kawu Angus, Baba ya ce kai za a ba ita."

"Ni? A'a, Moira. Ki kai wa wanda ya iya da irinta. Ni ban..."

"Na ce masa haka. Ya ce kai kaɗai ka san abin da ya same ta."

Ta miƙa masa igiyar ta juya, ba ta jira amsa ba.

Bai ko cire baƙar kwat ɗinsa ba. Ya kai Pip filin bayan gida, ya kwance mata igiya, ya zauna a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa, ya cusa hannayensa biyu cikin aljihu. Karyar ta ja baya taku goma ta zauna tsaf, tana jiran ya ce wani abu. Bai ba ta umarni ko ɗaya ba, bai kuma fitar da hannayensa daga aljihu ba. Yayyafi ya soma sauka a kansu.